Gusarwa, madubi da juyi: lissafin da tabarma ta riga littafi faɗa

Cikin duk babobin lissafin da muke koyarwa a kwaleji, babu wanda iyaye suke yi wa kallon wasan yara kamar babin gusar da siffofi da juya su. Tarawa da ɗebewa kowa ya san amfaninsu, ko don kada a cuce shi a kasuwa. Amma uba ya buɗe kayen ɗansa ya tarar an zana alwatika a nan, an sake zana irinta can gefe, an ja ƴan kibiyoyi a tsakani, sai ya rufe ya ce, "Mushe, yanzu wannan zane-zanen ne ya hana shi bi na gona?" Tambayar tana da nauyi. A nan Maijirgi, gabas da Tasawa kan hanyar Damagaram, duk yaron da ke zaune a aji hannu ɗaya ne aka rage wajen noma ko kiwo, duk yarinyar da ke aji kuma uwarta ce take ɗaukar ruwan da ita za ta ɗauko. Wanda ya yi wannan sadaukarwa ya cancanci a faɗa masa abin da ake ba ɗansa a madadi.

Abin da ke cikin babin ba shi da yawa. Ka tura siffa gefe ba tare da ka karkata ta ba, littafi ya ce taransilasiyon, ni ina ce wa yara gusarwa. Ka kife ta ta ƙetaren wani layi, kamar yadda fuska take fitowa a madubi, simetiri ke nan. Ka kafa ɗigo guda ka kewaya da ita a kansa, rotasiyon. Ka buɗa ta ko ka tsuke ta, kamanninta ba su sake ba, omotesi. Ana somawa da madubi tun sizyam, sauran su biyo baya aji bayan aji, har waɗanda Allah ya ba sa'ar wucewa lise su tarar an ɗora su duka a kan zanen fonkisiyon. Littattafan CIAM da muka daɗe muna koyarwa da su sun tsara abin tsaf. Inda gizo ke saƙar shi ne yaro yana haɗuwa da sunan kafin ya haɗu da abin. Ya haddace jimla mai tsawo da Faransanci, ya rera ta ba gyara, amma ka miƙa masa alli ka ce ya kife harafi ɗaya a allo, sai ya tsaya yana kallon rufi. Daga nan makin lissafi ya fara zubewa, kuma kowa ya san lissafi na cikin darussan da suke da nauyi a jarrabawar BEPC. Yaron da ya faɗi sau biyu, hanyar ci-rani ce ta gabansa. Yarinya kuwa, ba sai na faɗa ba.

Alhali yaron nan da gusarwa ya tashi. Ranar da ruwan shuka ya sauka, mai sungumi yana gaba, taki ɗaya sara ɗaya, yara na biye suna jefa iri suna rufewa da ƙafa. Kowane rami shi ne na bayansa aka gusar taki guda, a fuska guda. Kibiyar nan da uba ya gani a kaye, wadda muke kira bektar, abu biyu kaɗai take ɗauke da su, nisan takin da kuma inda aka fuskanta. In na ce wa yaro ya yi taki biyar gabas sannan uku arewa, na ce wa ɗan'uwansa ya fara da uku arewa ya ƙare da biyar gabas, tun kafin su motsa ajin ya san wuri ɗaya za su tsaya. Wannan ƙa'ida tana da rabin shafi a littafi. A filin lakwal minti biyu take ci.

Madubi kuwa tela ya fi ni iya shi. Zai ninke yadi biyu, ya sa almakashi sau ɗaya, ya ware, wuyan riga ya fito dama da hagu babu wanda ya fi wani. Ninkin nan shi ne layin madubin. Kowane ɗigo na dama yana da ɗan'uwa a hagu, nisansu daga ninkin ɗaya. Abin da nake so yara su kama a nan shi ne bambancin madubi da juyi, domin a nan suke yawan zamewa. Takalmin hagu, ko ka kwana kana juya shi a ƙasa, ba zai zama na dama ba. Juyi ba ya sake hannun abu, madubi yana sakewa.

Bari in ɗan ratse, don malaman firamare da iyayen ƙananan yara. Na yi shekaru a ƙananan azuzuwa bayan fitowata daga makarantar horar da malamai, kuma na ga yara da yawa sun sha bulala a kan b da d. Ku duba da kyau: d ita ce b a madubi, q ita ce p a madubi, in kuma ka juya b rabin kewaye sai ta zama q. Yaro ɗan shekara bakwai duk rayuwarsa ya san ludayi ludayi ne, ko bakinsa na duban dama ko na duban hagu. Harafin boko ne abu na farko da ya gamu da shi wanda in ya juya baya sai sunansa ya sake. Ga shi kuma da asuba a makarantar allo ya yi rubutu daga dama zuwa hagu, da hantsi an ce ya taho daga hagu. Yaron da ya rikita su ba daƙiƙi ba ne, ƙa'idar da duniya ta koya masa yake bi. A nuna masa da yatsa inda cikin harafin yake duba, a ba shi lokaci. Mu masu ɓ da ɗ ma sai mu fi kowa haƙuri.

Mu dawo. Faifan da ake rufe ƙwaryar fura da shi, in adonsa ya maimaitu sau 6 a kewaye, to juyin digiri 60 yana maido shi daidai yadda yake, tunda 360 ne aka raba gida 6. Mai saƙar ba ta taɓa riƙe ma'aunin kusurwa ba, amma in ta kuskure da kaɗan, ƙarshen adon ba zai haɗu da farkonsa ba, kuma mai saye zai gani. Haka tabarmar kaba, irin wadda ake saƙawa da ganyen da ake yankowa daga Gulbin Kaba, kwarin nan da ya ratsa ƙasar Mayahi. Masana lissafi sun tabbatar cewa duk adon da ke maimaituwa a kan ɗamara guda, kamar bakin tabarma ko kewayen hula, iri 7 ne kacal ta fuskar gusarwa da madubi da juyi, ba na takwas. Wanda ke maimaituwa ya cika fili gaba ɗaya, kamar zanen atamfa, iri 17 ne, kuma wani Barashe mai suna Fedorov ya nuna haka a 1891. Nakan sa ƴan katiriyam su kwafo adon da ke gidajensu, na hula, na ƙwarya, na lallen ƴan uwansu mata, mu baje mu rarraba. Akwai iri ɗaya cikin bakwai ɗin da yakan yi wuyar ganewa, wanda ake gusarwa a kuma kife a lokaci guda. Wata yarinya ce ta warware mana shi wata shekara, ta ce, "Mushe, ai sawun mutum ne a rairayi." Dama, hagu, dama, hagu. Tun daga ranar misalinta nake bayarwa.

Omotesi ita ce wadda nake so iyaye su tsaya a kanta, domin a nan kuɗi yake. In ka ninka tsawon abu da faɗinsa sau 2, filinsa sau 4 yake ninkuwa. Gona mai taki 50 a tsaye da 50 a kwance, da mai taki 100 da 100, a baki sai ka ce ta biyun ninki biyu ce. Zana ta a ƙasa ka gani, ƙaramar za ta shiga cikin babbar sau 4. Iri sau 4, taki sau 4, ladan ƴan ƙwadago sau 4. Igiyar da za ta kewaye ta ce kaɗai ta tsaya a ninki 2. Mai ɗinkin hannu da aka ce ya ninka girman ado a gaban riga, ya kuma yarda a ninka masa lada sau 2, ya ci bashin kansa, domin zaren cike sau 4 zai ci. Abu mai ciki kuwa ya fi haka. Rumbun da aka ninka faɗinsa da tsayinsa sau 2, abin da zai ɗauka sau 8 ne, wato 2 sau 2 sau 2. Na faɗi haka a majalisa wani dattijo ya ce, "Kai yaro, takwas fa ka ce." Na ce, "Baba, a kawo tukunya biyu." Aka samo ƙarama da wadda ta kusa ninka ta a faɗi da zurfi, aka yi ta ɗurawa, muna ƙirgawa tare. Gani ya kori ji. Shi da ya gina rumbuna da yawa ya san babban rumbu yana ci fiye da yadda ido ke zato, adadin ne kawai bai taɓa sa masa ba.

Akwai kuma wurin da wannan ilimi ya daɗe a hannun malamanmu na zaure, wato hatimi. Ba hukuncinsa nake magana ba, wannan na masu shi ne, lissafin da ke ciki nake nufi. Ɗauki mai gida 9. Layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Duk ta inda ka tara, a kwance, a tsaye ko a karkace, 15 za ka samu. Juya shi rubu'in kewaye, yana nan hatimi. Kife shi a madubi, yana nan. Da juyi huɗu da madubinsu za ka samu fuska 8, kuma in da lambobi 1 zuwa 9 ne, babu wani bayan waɗannan. Hatimi ɗaya ne ya sa riga takwas. To ƙara 17 a kowane gida, jimlar kowane layi ta koma 66, tunda 17 sau 3 ne ya hau kan 15. Ninka kowane gida sau 2, jimla ta zama 30. Na farkon gusarwa ce, na biyun buɗawa, sai dai a kan lambobi maimakon siffa. Ƙasar nan tamu ta Tasawa da Maraɗi tarihinta a ɗaure yake da na Katsina, kuma Katsina ta fitar da malami, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake cika irin waɗannan murabba'ai masu adadin layuka mara, kamar 3 da 5 da 7. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin mashahurin marubucin tarihin Misira. In na faɗa wa yara haka, zamansu a kan benci yakan sake. Da yawansu sun ɗauka lissafi kaya ne da Nasara ya zo da shi cikin akwati.

Nasaran ma sun daɗe kafin su ga cewa waɗannan motse-motse su ne ƙashin bayan ilimin siffofi. A 1872 wani saurayi Bajamushe ɗan shekara 23, Felix Klein, ya kawo ra'ayin a jami'ar Erlangen cewa a riƙa tambaya ɗaya: in an motsa siffa, me ya tsaya bai sake ba? Gusarwa da juyi da madubi ba sa taɓa tsawo ko kusurwa. Buɗawa tana sake tsawo, ta bar kusurwa. Tambayar da nake rubutawa a saman allo ke nan duk ranar da muka shiga babin.

Yanzu ga inda manyan yaran suke karyewa. Ƴan lise da suke dawowa hutu daga Tasawa da Maraɗi sukan zo mini da dare da kayensu, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne ke yi musu ciwo. Ga iyaye, zanen fonkisiyon ba wani abin tsoro ba ne. Layi ne a kwance da wani a tsaye, dabarar da ake jingina wa Descartes na Faransa tun littafinsa na 1637. A kwance ka jera watanni, a tsaye kuɗin tiyar gero, ka ɗiga kowane wata a inda kuɗinsa ya kai, ka haɗa ɗigogin. Zai fito da kwari lokacin kaka, da tudu a tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. A ce da kaka tiya dala 80 ce, da damina 140. In kuɗin mota ya sa an ƙara dala 10 a kowace tiya, sun koma 90 da 150. Zanen ya ɗaga sama gaba ɗaya, tazarar kwari da tudu tana nan 60. Shi ne f(x) + 10. In kuwa tsada ce ta ninka komai sau ɗaya da rabi, sun koma 120 da 210, tazara ta zama 90. An ja zanen ne, tudun ya ƙara tsini. Magidancin da ke sayar da hatsi da kaka don biyan bashi, ya dawo yana saye da damina, ya san ƙari da ninki ba ciwo ɗaya ba ne. Ita kanta dalar da muke ƙirga kuɗi da ita ninki ce. Yarinya mai tallan ƙosai da ta ji dala 20 ta san sefa 100 ake nufi, ta ji jika ta san dala 200 ce. Tana aiki da y = 5x tun ba ta shiga turwaziyam an ba abin suna ba.

Wannan duk suna karɓa. Wanda ke hana su barci shi ne f(x − 15). Alamar ragewa ce, hankali ya ce zanen baya zai koma, littafi kuma ya ce gaba zai yi, wajen dama. Yawanci sai su haddace cewa "akasin abin da ka gani ne", su shiga jarrabawa da shi, tsoro ya kama su, su manta wane ne akasin wane. Ni da gero nake fito musu da shi. A ce bara an yi shuka 10 ga Yuni, bana ruwa ya makara sai 25 ga wata. Zana tsawon karan bara, rana bayan rana. To ina tambaya, ranar 25 ga Yuli na bana, ina geron ya kai? Kwanansa 30 a ƙasa. Yaushe na bara ya yi kwana 30? Ranar 10 ga Yuli. Wato in kana son sanin na bana a kowace rana, sai ka koma baya kwana 15 a zanen bara ka karanta. Ragewar ta mai dubawa ce, shi ne yake waiwaye. Amma duk abin da ya faru bara, tsiro, fitar kai, nuna, bana yana zuwa a makare da kwana 15, don haka zanen kansa gaba ya matsa. Wanda ya makara, jiya ta wasu ce yau ɗinsa.

Wani uba da ke zaune yana jin mu ya ce, "Malam, ba haka gona take ba. Geron da ya makara ba ya kamo na wuri, ruwa zai ɗauke ya bar shi." Gaskiyarsa. Sai muka sa gyaransa cikin lissafin: in na bana kashi 8 cikin 10 na bara kawai zai kai, sai a rubuta 0,8 a gaban f(x − 15). An gusar, an kuma danne. Ɗansa da ya zo da tambaya ɗaya ya koma da biyu a warware, ta biyun daga bakin mahaifinsa da bai taɓa zama a benci ba. Ɗaya gefen kuma azumi ne ke bayyana shi. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, shi ya sa a 2023 azumi ya kama a ƙarshe-ƙarshen Maris, a 2024 wajen 11 ga wata, a 2025 a farkonsa. Abin da ke zuwa da wuri, f(x + 11) ne, zanensa hagu yake komawa.

Za a ce duk wannan da Hausa nake yi, alhali takardar jarrabawa da Faransanci take zuwa. Haka ne, kuma ba na barin yaro ya fita aji bai iya rubuta sunan abin da ma'anarsa yadda mai gyaran takarda yake so ba. Amma fahimta da harshen gida ta fi saurin shiga, sunan ya biyo baya ya samu wurin zama. Ba sabon ra'ayi ba ne a ƙasar nan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Takarda ta faɗa. Aji mai yara sama da 80, wani a rumfar zana, da kwampa ɗaya na allo da ake aro tsakanin malamai, shi yana jiran ya gani.

Kayan aikin dai ba sai an jira su daga Yamai ba. Farar leda da bik suna maye gurbin takarda mai shara-shara, a kwafi siffa a gusar ko a kife. Ɓallin madubi yana nuna simetiri. Igiya da ƙusa a filin da aka share suna fitar da da'ira, kamar yadda magini yake fitar da gindin rumbu. Abin da nake roƙon iyaye kaɗan ne. In yaro ya ce Mushe ya ce a zo da faifai ko tsohuwar hula, a ba shi, za a maido. In kai tela ne ko magini, malamin ɗanka ya gayyace ka aji rabin awa, ka zo da almakashinka ko igiyarka.

Ga ƴan'uwana malamai kuma, akwai aikin da ba mai yi mana. Ni na ce gusarwa, wani a Mayahi zai ce matsarwa, na Kano ko Katsina da ya taso da Ingilishi yana da tasa. Yaron da ya sake makaranta sai ya sake sabon lale. Ya kamata mu zauna, mu da na ƙetaren iyaka, mu tsayar da kalma ɗaya ga kowanne. Gusarwa da madubi da juyi sun zauna a bakin yarana. Ta omotesi ce har yanzu take rawa, domin "buɗawa da tsukewa" ba ta nuna cewa akwai ɗigo guda da komai yake buɗuwa daga gare shi, kamar yadda inuwar hannu take girma a bango in ka matso da shi kusa da fitila. Wanda yake da kalmar da ta ɗauki wannan, ya turo mini ita kafin a koma hutu a watan Oktoba.